Sunan da ke Gefen Azurfa: Tara Lambobin Yabo na Sojojin Ruwan Birtaniya

Daga cikin lambobin yabo na sojojin ruwan Birtaniya da masu sha'awa ke tarawa akwai iri biyu: na yaƙi, wanda ake bai wa duk wanda ya halarci wani gumurzu ko da bai nuna jarumta ta musamman ba, da na daɗewa a aiki, wanda ake bai wa sojan da ya shafe shekaru ba a same shi da babban laifi ba. Darajar ko wanne ba ta rataya ga nauyin azurfarsa ba, ta rataya ne ga sunan da aka buga a gefensa, domin da shi ake bin sawun mutum a kundin rundunar da ke ajiye a gidan adana takardun gwamnati na Kew.

Wadda aka fi rububi a kanta ita ce lambar hidimar ruwa da aka amince da ita a 1847, zamanin Sarauniya Biktoriya, don yaƙe-yaƙen 1793 zuwa 1840. Ba a bai wa magada ba, sai wanda yake raye ya nema da kansa, alhali yaƙin Tarafalga na 1805 ya haura shekara 40 da aukuwa. A saman lambar akan maƙala siririn sandan azurfa mai ɗauke da sunan yaƙi ko na jirgi, kuma an amince da irinsa 231, waɗansu mutane ƙalilan ne suka karɓa, waɗansu ma ba wanda ya nema. Ke nan ƙarancin da ke ɗaga farashi a gwanjon Landan ba girman yaƙi yake aunawa ba, sau da yawa yawan waɗanda suka yi tsawon rai yake nunawa. Nan ne kuma 'yan jabu suka sami ƙofa, saboda galibi ba a buga sunan jirgi a gefen ba: sai a ɗauki lamba mai sandan Siriya na 1840, wanda dubbai suka samu, a cire shi, a ɗora na wani yaƙi mai tsada da wani mai suna iri ɗaya ya halarta. Shi ya sa ƙwararru ke duba ƙusoshin da suka riƙe sandan da gilashin ƙara girma, suna kuma ɗari-ɗari da sunan da ya maimaitu a kundi.

Lambar daɗewa a aiki, wadda aka fara bayarwa zamanin Sarki Wiliyam na Huɗu da hoton anga a kanta, shekara 21 ake buƙata kafin a same ta, daga baya aka mayar 15. Kasuwa ta raina ta, kuma rainin bai dace ba, tunda takan ɗauki sunan jirgi da matsayin mai ita, har a gane makaniki ne ko mai zuba gawayi a tukunyar inji. Lambobin Yaƙin Duniya na Biyu masu siffar tauraro kuwa ba suna aka raba su, don haka sai takardu sun biyo su suke yin kuɗi.

Akwai abin da takardun gwanjo ba su cika tsayawa a kai ba: sandan wata lambar yaƙi ta daban da aka rubuta Binin 1897 sakayya ce ga sojojin ruwan da suka ci birnin Binin, aka ƙone shi, aka kwashe tagullar fadar Oba zuwa Turai.