Malama, Mun Ji Turancin, Saura Mu Gane

'Yan'uwana mata, yau da ku ma'aikata nake, da ku 'yan mata masu shirin kama aiki, har da ku matan gida da kullum ake bari a tsaye a bakin taga kuna jiran a kula ku. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, saboda haka wadda ta ji kamar da ita nake, ta yi haƙuri ta karanta har ƙarshe.

Akwai wata shawara da ta zama ruwan dare, wadda ake bai wa duk yarinyar da ta samu aiki a asibiti ko banki ko ofishin gwamnati. Sai a ce mata, "Ki gyara Turancinki, ki iya sa kaya, ki riƙa murmushi, shi ke nan kin ƙware." Haka ake faɗa a wuraren bita, haka yayye ke faɗa wa ƙanne. To ni kam ina da ja a kan wannan shawara, domin ta koya wa 'yan matanmu yadda za su burge mutane, amma ta manta ta koya musu yadda mutane za su gane abin da suke faɗa. Alhali kuwa a wurin aiki, don a gane ake yin magana.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Turanci shi ne harshen aikin gwamnati a Nijeriya, da shi ake rubuta takardar neman aiki, da rahoto, da fayil ɗin mara lafiya. Wadda ba ta iya rubuta shi daidai ba ta dage ta koya, babu abin kunya a ciki. Abin da nake suka shi ne a ɗauki Turancin nan a riƙa yarfa shi a kan baiwar Allahn da ta zo neman taimako, ita ba ta ji ba, ke kuma kin san ba ta ji ba.

Mu fara da asibiti, tunda a can ne kuskuren magana yake iya zama asarar rai. A shekarar 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da gwajin jini na sikila. Yarinya za ta je karɓar sakamako gabanta yana faɗuwa, sai ma'aikaciya ta miƙo mata takarda ko kallonta ba ta yi ba, ta ce, "Ke AS ce, shi ma AS ne, ba ku yi macin ba." Haba Malama! Wannan shi ne bayanin? Yarinyar nan sai ta koma gida tana kuka a zaton ciwo aka gano mata, alhali mai AS ba ta da ciwon sikila, tana ɗauke da irinsa ne kawai a jininta. Abin da ya kamata a gaya mata shi ne, idan AS ta auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Nan ma sai an yi a hankali, don wasu suna ɗauka cewa idan ɗan fari ya zo da ciwon, to ukun da za su biyo baya sun tsira. Ina! Kowane ciki sabon lissafi ne. Minti biyu ya isa a faɗi wannan da Hausa, amma a kansa ake ɗaura aure ko a fasa.

Haka kalmar nan "fozitib". Wadda ta ɗan taɓa boko ta san ana amfani da ita ga abu mai kyau, sai ta yi murna, ba ta san a takardar gwajin cuta tana nufin an samu abin da ake nema a jikinta ba. Me zai hana a ce mata, "An samu ƙwayar cutar, ga kuma abin da za a yi"?

Ko da Hausar aka yi magana, ba a tsira ba sai an tantance. A ce wa uwa, "Ki ba shi cokali ɗaya sau uku a rana." Wane cokalin? Na shayi mililita 5 ne a ma'aunin magani, babba kuwa mililita 15, wato ninki uku ke nan. Sau ukun kuma fa? A magunguna da yawa ana so ne a raba su duk bayan awa 8, kamar ƙarfe 6 na safe, 2 na rana, 10 na dare. Uwar da ba a gaya wa haka ba sai ta bayar da hantsi, da azahar, da la'asar, ta ce ai ta cika uku. Haka idan an ce ta jiƙa garin gishiri da sukari a lita ɗaya ta ruwa don yaro mai gudawa, ita da ba ta taɓa auna lita ba. Ma'aikaciyar da ta san aikinta sai ta ce mata, "Ledar ruwa biyu, irin mai rabin lita." To kin ga wannan ita ce ƙwarewa.

Akwai wata dabara mai sauƙi da ban ga dalilin da zai hana kowace ma'aikaciya riƙe ta ba. Idan kin gama bayani, kada ki ce, "Kin gane ko?" Bahaushiya ce fa, kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba, "to" kawai za ta ce miki. Ki ce, "Inna, maimaita mini yadda za ki ba shi, in ji ko na yi bayanin daidai." Nan take za ki gano inda aka samu giɓi. Kada ki raina wannan dabara, don matuƙan jirgin sama da duk iliminsu haka suke yi, duk umarnin da aka ba su daga hasumiya sai sun maimaita shi. A shekarar 1977 jirage biyu sun yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife na ƙasar Sifen, mutum 583 suka rasu, kuma rashin fahimtar magana tsakanin matuƙi da hasumiya yana cikin manyan dalilan. Bayan nan aka ƙara tsaurara ƙa'idar kalmomin da suke amfani da su. Idan matuƙin jirgi bai fi ƙarfin maimaita magana ba, ina ga ni da ke?

Sai kuma masu Ingausa, waɗanda ba su yi Turanci ba, ba su yi Hausa ba. Idan ka yi magana sai su ce wai Hausa ba ta da kalmomin aikin zamani. Yo wace Hausar? Tun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, ta riƙa bayyana wa kakanninmu labarin duniya da Hausa. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake watsa shirye-shirye. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, a 2025 kuwa Jamhuriyar Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Muna da hawan jini, da ciwon suga, da awon ciki, da allurar rigakafi, da ƙarin ruwa. A banki muna da ajiya, da rance, da kuɗin ruwa. Aron kalma ba laifi ba ne, ai asibiti da likita da mota duk aro ne, amma sun zauna a bakin kowa. Ma'aunin dai guda ne: wadda ke gabanki ta san kalmar ko ba ta sani ba? In ba ta sani ba, ki zagaya ki bayyana mata da abin da ta sani.

Sannan ga maganar ladabi. "Ke tsohuwa, matsa can!" "Ke mai jan mayafi, ba da ke nake ba?" Sa'ar uwarki fa kike wa wannan kira. Na san layi yana da tsawo, albashi ba ya isa, wata ma tun dare take a tsaye. Duk na yarda. Amma "Sannu Inna, ya jikin?" ba ta cin ko daƙiƙa biyar, kuma matar da aka gaishe ta ita ce ke sakin jiki ta faɗi ainihin abin da ke damunta. Wadda aka daka wa tsawa kuwa sai ta ɓoye rabi, a ba ta maganin da ba nata ba. Shimfiɗar fuska ai ta fi ta tabarma. Kuma don girman Allah a daina ɗaga murya ana faɗin sakamakon gwajin mutum, ko abin da ya rage a asusunta, a gaban jama'a. Sirrin mutane amana ne a hannun ma'aikaciya.

Wani abin mamakin shi ne, ita wannan mai tsawa a bakin taga, idan ta shiga ofishin shugabanta sai bakin ya mutu. A ba ta aiki ba ta gane ba, ta ce "to". Ta ga kuskure a takarda, ta yi shiru wai kada a ce ta yi rashin kunya. Kunya ado ce ga 'ya mace, amma ba a nan ba. Kina iya cewa, "Ranka ya daɗe, ina ganin akwai gyara a wannan lissafin, a duba," ba ki zubar da mutuncin kowa ba. Idan kuma za ki miƙa aiki ga wadda ta karɓe ki, ki faɗi abin da aka yi, da abin da ya rage, da lokacin da za a yi shi, ki kuma rubuta. Rahoto mai layi biyar da ya faɗi wa, me, yaushe, ya fi shafi biyu na manyan kalmomi.

Ku ma masu sana'a a cikin gida kada ku ce ba ruwanku, don ɗakin da kike ɗinki ko tuyar cincin shi ne ofishinki. Rigima nawa aka yi tsakanin tela da mai kaya a kan "kafin Sallah"? Ita mai kaya tana nufin saura mako guda, ke kina nufin daren jajibere. Ki faɗi rana, ki faɗi kuɗi, ki rubuta awo a littafi, ki karanta mata ta ji. Idan a waya aka yi cinikin, ki tura mata a rubuce, yadi nawa, kuɗi nawa, an ba da nawa, saura nawa. Zumunci da yawa ya lalace a kan maganar da aka bari a dunƙule.

Ke kuma uwargida da kike zuwa wurin ma'aikatan nan, ki daina cewa "to" a kan abin da ba ki gane ba. Ki ce, "Malama, don Allah sake yi mini bayani da Hausa." Haƙƙinki ne, kuma lafiyar ɗanki ko kuɗinki ake magana a kai. Matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka idan ƙanwarki ko 'yarki ta samu aiki, ki ce mata ta gyara Turancinta, wannan daidai ne. Amma ki ƙara mata da cewa ta gyara Hausarta, ta iya gaisuwa, ta iya saurare, kuma kada ta bar kowa ya tashi daga gabanta sai ta tabbatar ya gane. In kunne ya ji, jiki ya tsira, amma fa sai idan abin da kunnen ya ji ya shiga kai.