Gidan Mambayya da Alƙalamin Masu Ziyara

Duk marubucin da ya taso daga nan Baure ya nufi Kano, ya shiga unguwar Gwammaja ya ziyarci Gidan Mambayya, da wuya ya dawo bai rubuta wani abu ba. To, irin waɗannan rubuce-rubuce ne muke son mu ɗan tattauna a kansu, domin kusan dukkansu tafiyarsu ɗaya ce.

Gidan dai na Malam Aminu Kano ne, a nan aka binne shi da ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yanzu kuma yana ƙarƙashin Jami'ar Bayero a matsayin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Masu ziyara sukan tsaya a kan abu guda: ƙanƙantar gidan da gudun duniyar mai shi. Gaskiya ne. Amma idan aka tsaya nan, an mayar da ɗan gwagwarmaya wani waliyyi wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba, alhali kuwa NEPU da aka kafa a 1950 ba da tasbaha ta yi suna ba. Magoya bayanta sun sha ɗauri da bulala a hannun 'yan doka saboda sun ce talaka ma mutum ne.

Mu a ƙasar Daura muna da namu hannun a labarin, sai dai ba ma rubuta shi. A 1979 muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna lokacin da gwamnatin PRP ta Balarabe Musa ta soke haraji da jangali. Dattawan da suka taɓa sayar da akuya don biyan haraji suna nan da ransu a ƙauyukanmu. Wa ya je ya zauna da su kafin ya kama hanyar Gwammaja?

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, Malam ɗin ma marubuci ne, amma ba a ambata. Mai Motsi Ya Fi Zama da Hikayoyin Kaifafa Zukata, wanda ya rubuta tarihin Sa'adu Zungur, sai ɗan uwansa marubuci ya shiga gidansa ya fito yana lissafin ɗakuna!

Maganar kuma ta iso ƙofarmu. A watan Yulin 2025 aka binne Muhammadu Buhari a gidansa na Daura, kuma masu ziyara ba za su rasa ba. In har muka ɗauki wannan alƙalamin na yabo zalla muka je can, abin da za mu dawo da shi bai wuce kwatancen katanga da kabari ba.