Tsokaci: Ina Bebeji a Labarin Faɗuwar Kano?

A zaman karatu na ƙungiya da ya gabata, wani ɗan'uwa ya karanta mana wasan kwaikwayon da ya rubuta a kan zuwan Turawa Kano a 1903. Hausarsa ta zauna, kirarin da ya sa a bakin maroƙa kuma ya ƙayatar. To amma da yake gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, akwai wurare uku da muke ganin a sake dubawa kafin a kai maɗaba'a.

Na farko, ya buɗe labule da sojoji a gindin ganuwar birni, sai ka ce daga sama suka faɗo. Alhali kuwa rundunar Kanar Morland daga Zariya ta taso ranar 29 ga Janairu, kuma a Bebeji aka fara tarar ta, ranar 1 ga Fabrairu. Mutanen garin suka rufe ƙofa, aka saki igwa ta ragargaza ta, Sarkin Bebeji ya cika a nan tare da wasu manyansa. Labarin igwar nan ya riga rundunar isa garuruwan gaba, mayaƙa suka janye suka bar mata hanya. Ranar 3 ga wata Kano ta faɗi. Wanda ya tsallake Bebeji ya zubar da fitowar da ke bayyana wa mai kallo dalilin saurin faɗuwar birnin.

Na biyu, ya rataya yaƙin kacokan a wuyan Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a Oktoban 1902, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan ya faru, amma hujja kawai Lugga ya samu, domin tun 1900 ya shelanta mulkin Ingila a Arewa, Zazzau ma ta riga ta shiga hannu a 1902. A cikin gida kuwa, Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya raba gidan Dabo biyu, Ningawa sun daɗe suna kai hari nan kudancin ƙasar, ga Damagaram ta arewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, ya mai da Alu matsoraci, Abbas kuma maci amana, ya rufe bakinsu. Alu ba ya gari ranar yaƙin, ya tafi Sakkwato yin mubaya'a ga Sarkin Musulmi Attahiru; Sarkin Shanu Muhammadu ne ya mutu yana kare fada. A hanyar dawowa Alu ya sulale da dare, Waziri Ahmadu ya zaɓi yaƙi ya faɗi a Kwatarkwashi, Wambai Abbas ya komo da jama'a gida aka naɗa shi sarki. Dukkansu uku 'ya'yan Abdullahi Maje Karofi ne. Ai nan ne zuciyar wasan take: uba ɗaya, shawara uku. Da marubucin ya bar kowannensu ya kare kansa, da mai kallo ya yanke hukunci da kansa.

Shawararmu ga ɗan'uwa da sauran masu tasowa: kafin a ɗauki alƙalami, a je Bebeji da Kiru a zauna da dattawa, a ji abin da kakanninsu suka bar musu. Allah ya ƙara basira, amin.