Abin da Aka Zaɓa a Koya wa Malamin Laburare

Cikin watan Yuli na 1953 Hukumar UNESCO ta kira wani taro a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, don a yi shawara a kan yadda za a kafa laburare na jama'a a ƙasashen Afirka. Aka yi wajen mako huɗu ana zama. An kasa maganar kashi uku: yadda za a shirya laburaren, da irin littattafan da za a zuba ciki, da kuma horon da za a ba mutanen da za su riƙe su. Kashi na ukun nan ya cancanci a sake dubansa, gama daga cikinsa makarantun koyon aikin laburare na Nijeriya suka tsiro. Abin da aka sa gaba a wannan zance, da abin da aka bari baya, ya shafi duk wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci yana neman abin karantawa.

Kafin wannan taro, wanda ke son aikin laburare a Afirka ta Yamma ba shi da makarantar zuwa. An taɓa buɗe wata a Acimota ta ƙasar Gana cikin 1944, amma shekara guda ta yi aka rufe. Saboda haka sai dai mutum ya yi karatu ta hanyar wasiƙa, ko kuwa ya tafi Ingila, ya ɗauki jarrabawar Ƙungiyar Laburare ta can. Masu taron Ibadan suka ga wannan bai dace ba, suka ba da shawara a kafa makarantu kaɗan masu zurfin ilmi a cikin Afirka kanta. Cikin 1957 Asusun Carnegie na Amurka ya aiko wani masani, Harold Lancour, ya zaga ƙasashen nan, ya fitar da rahotonsa cikin 1958. Ya ce a kafa makarantar a Ibadan, a riƙa ɗaukar waɗanda suka riga suka sami digiri. John Harris, shugaban laburaren Kwalejin, shi ya ɗauki nauyin abin, aka fara karatu cikin 1960 da almajirai shida.

Tun daga nan gardamar ta tsaya a kan tambaya guda, watau shugabanni za a horar ko ma'aikata? Mutanen Ibadan suka ce shugabanni. Makarantar da aka buɗe a Ankara ta Gana ba da daɗewa ba ta fi karkata wajen ma'aikata. Aka yi shekaru ana ta ja-in-ja a tarurruka da mujallu.

Lalle hujjar Ibadan ba ta banza ba ce, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗin haka. Nijeriya tana bakin samun mulkin kai, manyan laburaren ƙasar kuwa kusan duka Turawa ke riƙe da su. In ba a sami 'yan ƙasa masu ilmi daidai da nasu ba, da kujerun nan sun daɗe a hannun baƙi, da kuma Gwamnati ta ci gaba da ɗaukar malamin laburare tamkar mai gadin sito. Makarantar Ibadan ta kau da wannan raini, ta fitar da mutanen da suka shugabanci laburaren jami'o'i da yawa daga baya.

Amma fa tambayar ta shafi matsayin malami ne kurum. Abin da zai koya, da irin mutumin da zai shigo masa da safe, an bar su a gefe. A shekarun farko ma jarrabawar Ingila ɗin nan ake shirya almajiran Ibadan su ci, ita kuwa an tsara ta ne don garuruwan da kowa ya iya karatu tun yana yaro, aka kuma daɗe ana buga dubban littattafai da harshen mutanen wurin.

A Jihar Arewa sha'anin dabam yake. Tun zamanin yaƙin duniya na biyu En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a garuruwansu. Cikin 1952 aka kafa Laburaren Jiha a Kaduna, yana aika musu da littattafai cikin akwatuna. A daidai wannan lokaci yaƙi da jahilci ya kankama, Hukumar NORLA ta Zariya tana buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato da Sodangi ta Kano, daga 1954 har aka rufe ta cikin 1959. Manomi ko maɗinki da ya sami takardar shaida yana bukatar wanda zai tarye shi a ƙofar ɗakin karatu, ya san littafin da ya yi daidai da ƙarfinsa, ya ba shi mai manyan baƙaƙe tukuna, in ya ƙare ya miƙa masa na gaba. Karatun da aka koya da girma kamar wutar kara yake, in ba a ƙara mata ba nan da nan sai ta mutu. Wanda ke zaune cikin ɗakin kuwa sau da yawa wani ƙaramin ma'aikacin En'e ne mai ɗan ilmin elementare, an ba shi mabuɗi da rajista. Ba shi da digirin da zai kai shi Ibadan, su kuma almajiran nan shida ba a horar da su don su zauna a ɗakin karatu na gunduma ba.

Ko a cikin darussan da aka fi ba ƙarfi, watau rubuta katin littafi da jera littattafai bisa lamba, akwai wuraren da ƙa'idar waje ta yi tuntuɓe. Ƙa'idar ta ce a fara da sunan ƙarshe na mawallafi, domin a Ingila shi ne sunan gidansu. To, Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya rubuta Shaihu Umar, sai aka sa shi a ƙarƙashin Balewa. Tafawa Balewa kuwa sunan gari ne, aka tsaga shi biyu aka ɗauki rabi. Bello Kagara mai Ganɗoki ya koma Kagara, shi ma gari. Bahaushen da ya zo neman littafin Abubakar zai ja akwatin harafin A, ya rasa, ya tafi yana zaton babu. Haka kuma tsarin lambobi na Dewey, wanda aka fara bugawa a Amurka cikin 1876, ya ba littattafan addinin Kirista daga 220 har zuwa 280 da 'yan kai, ya tattara na Musulunci duka a 297. A garin da ya shirya tsarin wannan bai dami kowa ba. A Kano ko Sakkwato kuwa tafsiri da hadisi da fiƙihu da tauhidi duk sai su cunkushe a lamba ɗaya. Irin wannan magana ce ta isa a zauna mata kwana da kwanaki.

Sai kuma littattafan hannu na Larabci da ajami, waɗanda ke cikin gafakar malamai a zaure. Ba za a ce Ibadan ta manta da su ba, gama W. E. N. Kensdale na laburaren Kwalejin ya tattara wasu, ya buga jerin sunayensu tsakanin 1955 da 1958. Amma aikin masu bincike aka ɗauke shi, ba a mai da shi abin da kowane malamin laburare zai sani ba. Mutum yana iya cin jarrabawa da yabo alhali bai iya karanta sunan littafin da ke gidan maƙwabcinsa ba. Gara da kyankyasai da ƙurar hunturu, waɗanda suka fi ɓarayi cin littattafai a ƙasar nan, su ma ba su dami masu shirya tambayoyi a London ba.

Cikin 1963 wani masani daga Ostireliya, F. A. Sharr, ya duba bukatun laburare na Arewa, ya ba da shawara a buɗe makaranta a Jami'ar Ahmadu Bello. Aka buɗe cikin 1968, da karatun difloma da na digirin farko, yadda wanda ya gama sakandare zai iya shiga. Wannan gyara ne na gaske, ya buɗe ƙofar da ke rufe, Kano da Maiduguri kuma suka bi sahu cikin 1977 da 1978. Duk da haka abin da aka yi ta muhawara a kansa bayan buɗe ta shi ne ko digirin farko ya isa a kira mutum cikakken malamin laburare. Tsohuwar tambayar ce ta komo da sabuwar riga. Dokar 1995, wadda ta kafa majalisar yi wa malaman laburare rajista a Nijeriya, ita ma takardar shaida ta auna.

Daga baya kwamfuta da intanet suka shigo, suka cinye wuri mai yawa cikin darussa da tarurruka. Ba laifi ba ne, aikin yana bukatarsu, har ma sun sauƙaƙa matsalar suna, tun da yake na'ura tana iya nemo Abubakar ko ta wane gefe aka rubuta shi. Sai dai na'urar ba ta san dattijon da ya tsaya a bakin ƙofa yana jin kunyar shiga don kada yara 'yan makaranta su ga yana bin layi da yatsa ba. Inda za a ajiye masa kujera, da sa'ar da zai zo bayan ya taso daga gona, da wanda zai karanta masa shafin farko da ƙarfi har ya saba, duk abubuwa ne da ake iya koya wa almajiri cikin aji, a kuma tambaye shi ranar jarrabawa.