A Wuce Waƙar Ko a Maido Ta: Rawa da Waƙa a Fim, Daga Bobi Zuwa Kontagora

A ɗakin kwanan ɗalibai mata a Kontagora, bayan sallar isha, in an ɗauke wuta, waya ɗaya takan tara kai biyar. Ana tsaka da kallo sai fiyano ya tashi, jarumi da jaruma su ɓullo a wani lambu, kowa ya sake kaya. Nan ɗaki ke rabewa biyu. Wasu su ce a wuce waƙar a koma labari, wasu su riƙe hannun mai wayar, don su dama ita suke jira. A kashi na biyu ake samun irin ɗalibar da ta taso a Bobi ta ƙaramar hukumar Mariga, ta zo birnin Sarkin Sudan neman takardar malanta, wadda in an tashe ta daga barci za ta jero waƙoƙin fim ɗin Mansoor ba gargada, amma a tambaye ta darasin da aka yi da safe sai ta lalubo littafi.

Ba a silima ta koyi kallo ba. Makarantarta shagon mai cajin waya ce, inda janareta ke ruri, kwamfuta na gefe, a miƙa memori a ce a tura sabon fita. Abin da take tsaya wa a gardamar ɗaki kuwa ya girme ta, ya ma girmi mahaifiyarta.

Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya Arewa. A Kano, gidaje irin su Rex da Palace, daga baya Plaza da Marhaba da El Dorado, sun yi ta cika da mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi. 'Yan kallo har suna suka raɗa wa jarumai: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. Masani Brian Larkin, wanda ya zauna Kano ya yi bincike a shekarun 1990, da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, sun yi dogon rubutu a kan dalilin wannan shaƙuwa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bahaushe ya ga uba mai ba da 'ya ga wanda ba ta so, ya ga talaka na son 'yar mai kuɗi, ya ga mace da mayafi tana sunkuyar da kai gaban surukai. Fim ɗin kaboyi bai taɓa ba shi wannan ba.

Karin waƙoƙin ma bai tsaya a majigi ba. Abdu Yaron Goge ya ɗora Hausa a kan wasu, 'yan bandiri irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya a Kano suka mayar da wasu yabon Annabi. Wato kafin a ɗauki fim ɗin bidiyo na Hausa ko ɗaya, kunnen mutane ya riga ya saba.

Sai dai masu cewa rawa da waƙa kayan aro ne tsantsa sun manta da tabarmar kakarsu. Tatsuniyar Hausa ba ta tafiya ba waƙa. In yarinya ta shiga uku a labari, ko dodo ya haɗiye ta, ko kishiyar uwa ta cuce ta, ba bayani take yi ba, rerawa take yi, yara su amsa. A dandali ma haka: abin da budurwa ba za ta iya gaya wa iyayenta ba game da tsohon da za a ba ta, a waƙar gaɗa take zuba shi, da tafi, kowa na ji, ba kuma mai cewa ta yi rashin kunya. Indiya ta ba da lambu da sauya tufafi da bin juna a bayan itace, amma gurbin da waƙar ta zo ta zauna daɗaɗɗe ne.

Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, shi ake ƙirgawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko. Littattafan soyayya suka ba da labarai, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Wanda ya juya kasuwar shi ne Sangaya na kamfanin Sarauniya a 1999, labarin ɗan sarki da ya kamu da son mai aikin gidansu, da Ali Nuhu da Fati Mohammed. Waƙarsa ta riga shi shiga gari. A shekarar ce mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa, a shekarar ce kuma sunan Kannywood ya bayyana a mujallar Tauraruwa. Daga nan 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suka gane inda kuɗi yake. Furodusa ya zo da fim, tambayar farko ita ce waƙa nawa ke ciki. Aka kai lokacin da ake fara buga waƙa a kan fiyanon Yamaha, a ɗauki rawarta a saka a tallar fim, sannan a zauna neman labarin da za a rataya mata.

Tsarin aikin ma irin na Mumbai ne. Kamar yadda Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka ara wa jarumai murya, haka Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Sadi Sidi Sharifai da Fati Nijar, 'yar Maraɗi, suka rera jarumai suka hau. Wasu finafinan ma ɗauko su aka yi ɗungurungum, kamar Khusufi na Ali Nuhu da aka gina a kan Taal.

Me waƙar ke yi a cikin fim? A fim ɗin Hausa saurayi ba ya riƙe hannun budurwa, ko da a labarin miji da mata ne. Wannan ba ƙaramar doka ba ce: a 2016 ƙungiyar 'yan fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda rungumar da aka gani a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ. A zance kuma kunya ta ɗaure baki, yarinya na wasa da gefen mayafi, saurayi na kame-kame. To ina so zai fito? Minti biyar ɗin waƙar nan su ne kaɗai filin da aka bar masa. Namiji ya yi baiti, mace ta mayar, kuma a nan ne mace ke faɗin abin da take so da bakinta, ba ta hannun ƙawa ko ƙanwa ba. Wanda ya wuce waƙar fim ɗin Wasila ko ta Sangaya ya ga abin da ya faru, amma bai ji abin da ke zuciyar kowa ba. Hujjar 'yar Bobi ke nan, ko da ba haka za ta tsara ta ba.

Wannan fili kuwa shi ya fi jawo wa masana'antar duka. Bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, kuma rawa tsakanin mace da namiji na cikin abin da aka fi sa wa ido. Zamanin da Abubakar Rabo Abdulkarim ya shugabance ta, daga 2007, abin ya yi tsanani. Adam A. Zango ya shiga gidan yari a kan bidiyon waƙoƙinsa Bahaushiya. Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama, wanda ya ɗauko ƙashin labarin West Side Story na Amurka ya yi Tsintsiya a kan soyayya tsakanin ƙabilu, shi ma an ɗaure shi a ƙarshen 2008 bisa zargin sakin fim ba izini, zargin da ya musanta.

Masu cewa a wuce ma ba a banza suke faɗa ba. Waƙoƙi da yawa ba su san labarin da aka jefa su ciki ba. Uwa na kwance asibiti, sai ga ɗanta a bakin ruwa da tabarau yana juyi. Murya an matse ta da na'ura har ba a bambance wannan mawaƙiya da waccan, kalmomin kuma zuciya da hanta da numfashi, kullum su ne. Gwanin da ya san inda zai ajiye waƙa, a daidai gaɓar da magana ta gaza, bai da yawa.

Yanzu kuma ƙasa ta motsa. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka zo a 2020 suka koya wa mutane jiran mako. A waɗannan masu dogon zango waƙa ta koma bayan fage, ana jin ta ba a cika tsayar da labari a yi mata rawa ba. Ba mutuwa ta yi ba, gida ta sake. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ba ta nemi fim ba a 2020, lokacin kullen korona matan aure suka yi ta taka ta a gaban mazajensu ana yaɗawa a waya. Waƙoƙin Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Ali Jita sun fi rayuwa a YouTube da TikTok da wajen kamu. Indiya kuwa ta dawo ta ƙofar fassara: kamfanin Algaita da ire-irensa sun sa jaruman kudancin Indiya suna zuba Hausar 'yan tasha, kuma akasarin abin da ake nema a can faɗa ne.

Shi ya sa memorin irin wannan ɗaliba yake kamar rumbu mai hawa-hawa. A ƙasa akwai Kuch Kuch Hota Hai na 1998 da ta gada daga yayyenta, a tsakiya Mansoor na 2017, a sama kashin Labarina na makon jiya. In an yi hutu ta shiga motar Bobi, kafin ta ajiye jaka ƙannenta sun karɓe wayar, su kuma Labarina suke nema. Sai dare ya yi, gida ya yi tsit, innarta ta matso da tabarma ta tambaya ko an samo mata Sangaya.