Tsukakkun Haruffa da Ƙugiyar Hausa: Sharhi a kan Zubin Times New Roman

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan al'adar da ta zama ruwan dare a maɗaba'unmu, wato zaɓen zubin Times New Roman wajen buga mujallu da littattafan Hausa ba tare da tambayar dalili ba.

2.0 Asalin Zubin

Stanley Morison da Victor Lardent ne suka tsara wannan zubi domin jaridar The Times ta Landan, wadda ta fara amfani da shi a 1932. Haruffa ne masu dunduniya, wato 'yan layukan da ke bakin kowane harafi, kuma tsukakku ne, don kalmomi da yawa su shiga siririn layin jarida. Ta fuskar tsimin takarda, babu abin kushewa. Sai dai jaridar da kanta ta ajiye shi a 1972.

3.0 Matsalar Ƙugiya

Ba a yi zubin da Hausa a zuciya ba. A Hausa, ƙugiya ita ce ke raba baki da baƙi, fada da faɗa, bari da ɓari. Tana zaune ne a saman sandar harafi, inda tsukakken zubi ya fi rowar wuri. Ƙugiyar ɗ tana karkata dama, saboda haka idan aka matse haruffa kuma aka ƙanƙanta su, sai ta zama ɗigon tawada, musamman a kan takarda mai sha. Mai karatu Bahaushe yakan cike giɓin daga ma'anar jimla. Ɗalibi a Nsukka ko Ibadan, wanda ke koyon harshen daga takarda, ba shi da wannan gata.

Lamarin ya fi muni a rubutun nazari, inda ake ɗora alamar karin sauti a kan ta tsawon wasali. Wasalin i, wanda dama siriri ne, ba ya ɗaukar kaya biyu a irin wannan matsi.

Ga kuma tarihi: Times ɗin da ya zo da kwamfutocin shekarun 1990 ba shi da ƙ, ɗ, ɓ ko kaɗan, har wasu maɗaba'u suka riƙa ƙara ƙugiya da biro. Na baya-bayan nan yana da su, amma cusa su aka yi daga baya.

4.0 Zaɓin da Edita ke da Shi

Tun a shekarun 1980 Hermann Zapf ya zana haruffan Pan-Nigerian domin harsunan ƙasar nan, ko da yake ba su yaɗu ba. A yau akwai Charis SIL da Gentium, kyauta, waɗanda aka tsara domin harsuna masu alamomi irin namu. Sun fi cin wuri, musamman Charis, kuma takarda kuɗi ce. Editan da tsimi ya tilasta wa Times, to, ya buɗe tazarar layuka, ya kuma gwada shafi guda a kan ainihin takardar da za a yi ɗab'in kafin ya sa hannu.