Da Me Makarantar Ƙwallo Za Ta Wanke Sunanta?

Duk makarantar kuɗin da ta fara ɗaukar kofi a gasar ƙwallon ƙafa, to ta shirya wa bakin mutane. Tun yara ba su cire takalma ba, wani ɗan kallo ya riga ya ɗauki hoton mai tsaron baya, dogon nan mai faɗin ƙirji da gashin baki ya fara tsiro masa, ya zagaye fuskarsa da jan layi ya jefa a zauren WhatsApp na iyaye. Kafin sallar isha'i hoton ya isa Facebook, ana ta zuba magana a ƙarƙashinsa: wannan ai magidanci ne, sojan haya aka ɗauko, ko ƙofar aji bai sani ba, mai makarantar cinikin yara yake yi da dillalan Turai. Gari na wayewa wayar shugaban makaranta ba ta hutawa.

Wannan rigima ta zo ne tare da wani salo da ke ƙara ƙarfi a duniyar tamaula, wato haɗa karatun boko da horon ƙwallo a harabar makaranta ɗaya. A Amurka akwai IMG Academy ta jihar Fulorida, a Ghana akwai Right to Dream, ƙananan makarantu kuma birjik suna kwaikwayonsu. Salon yana da kyau, domin yaron da ƙafa ta ƙi ba zai tashi a tutar babu ba. Sai dai irin wannan makaranta jarinta ɗaya ne, amincewar iyaye, kuma masu ita da yawa ba su iya kare wannan jari ba.

Abin da aka saba gani daga masu makaranta shi ne sanarwa mai zafi, a kira masu magana mahassada, a ce lauya zai shigar da ƙara. A Najeriya wasu ma har barazana suke yi da dokar laifukan intanet ta 2015. Daga nan sai a bi da hotunan tsohon ɗalibin da ya samu kulob a ƙasar waje, kamar dai fitar yaro ɗaya ta amsa tambayar da aka yi game da shekarun wani. Wannan hanya ba ta kashe ji-ta-ji-ta. Uban da ya ga an yi fushi ba a nuna takarda ba, zargin da ke ransa ƙaruwa yake yi.

Kuma mutane suna da dalilin zargi. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Najeriya daga gasannin matasa na tsawon shekara biyu, ta kuma ƙwace mata karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da suka je gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka taɓa bayarwa a baya. A 2009, lokacin da Kano da Kaduna da Bauchi suke cikin biranen da suka karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, FIFA ta shigo da gwajin MRI, inda ake ɗaukar hoton wuyan hannu a ga ko ƙashin ya gama haɗewa. A 2016 yara 26 suka faɗi wannan gwaji a sansanin Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, ana gab da karawa da Nijar, kuma Nijar ɗin ce ta fitar da su alhali su ke riƙe da kofin duniya. A ƙarshen 2022 aka sake ganin haka a Kamaru, inda 21 daga cikin yara 30 suka faɗi. Wanda ya san wannan tarihi, in ya ga ƙato a cikin 'yan sakandare ya ɗaga gira, ba za a ce ya yi laifi ba. Har suna abin ya samu a gidajen kallo: shekarun ƙwallo.

Amma fuska ba takardar haihuwa ba ce, kuma labarin Joseph Minala ya isa misali. Ɗan Kamaru ne, yana wasa a ƙungiyar matasa ta Lazio a Italiya. A farkon 2014 hotonsa ya zagaya intanet tare da labarin cewa wai ya haura shekara 40, alhali takardunsa sun nuna 17. Duniya ta yi ta masa dariya. Hukumar ƙwallon Italiya ta yi bincike, ta tabbatar shekarunsa daidai suke, amma waɗanda suka yaɗa hoton ba su yaɗa sakamakon ba. Minala bai samu gindin zama a babbar ƙungiyar Lazio ba, aka yi ta ba da shi aro ga Bari da Latina da Salernitana, kuma har yau in an ambaci sunansa maganar shekarun ce ke fara zuwa. Abin takaici ne ƙwarai a ce yaro ya ɗauki wannan kaya saboda halittar da Allah ya yi masa.

Akwai kuma lokacin da masu surutun ne ke da gaskiya. Ranar 29 ga Agusta 2021 tashar ESPN ta nuna wasan ƙwallon Amurka, irin wanda ake rungumar ƙwallo a gudu da shi, tsakanin IMG Academy da wata makaranta daga jihar Ohayo mai suna Bishop Sycamore. Aka lallasa Bishop Sycamore da ci 58 da nema. Tun ana cikin wasan masu kallo suka fara tambaya a intanet: wace makaranta ce wannan, ina ajujuwanta, su wane ne malamanta? Sai ga shi an gano cewa 'yan wasanta sun buga wani wasa kwana biyu kacal kafin nan. Gwamnan jihar, Mike DeWine, ya ba da umarnin bincike, kuma a Disambar shekarar ma'aikatar ilimi ta jihar ta fitar da rahoton da ya kira abin damfara. Da an bi ta masu cewa duk mai suka mahassadi ne, da yaran nan sun ci gaba da zama ba karatu ba makoma.

To, makarantar da ta san tana kan gaskiya, da me za ta bambanta kanta da irin wannan?

Right to Dream ta Ghana ta fi kowa ba da amsa, ba don ba a taɓa sukar ta ba. Wani Bature ɗan Ingila, Tom Vernon, ya kafa ta a 1999 da 'yan yara kaɗan a Accra, yanzu kuma tana Old Akrade a bakin kogin Volta, yara suna kwana suna karatu suna horo kyauta. A ƙarshen 2015 Vernon da abokansa suka sayi ƙungiyar Nordsjaelland ta Denmark, ta zama mashigar ɗaliban zuwa Turai da zarar sun cika 18, shekarun da dokar FIFA ta yarda a ɗauki ɗan wasa daga wata ƙasa. Ta nan Mohammed Kudus ya bi, yaron Nima, unguwar da Hausa ce harshen kasuwa da na lungu a Accra. Ya tafi Denmark a 2018, Ajax ta ɗauke shi a 2020, ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar duniya ta Qatar a 2022, sannan ya koma West Ham a 2023. Kamaldeen Sulemana da Simon Adingra na Kwaddibuwa ma ta wannan ƙofa suka fita.

Duk da haka an yi magana, kuma maganar ba ta teburin mai shayi ba ce. A 2018 jaridun Denmark sun tono alaƙar makarantar da Manchester City, wasu tsofaffin ɗalibai biyu suka ce sun buga wa matasan City wasa tun ba su kai 18 ba, kuma a Agustan 2019 FIFA ta ci tarar City kuɗin Suwizalan 370,000 kan karya dokar ɗaukar ƙananan yara. Wannan suka ce mai nauyi. Abin da ya sa ba ta rusa makarantar ba, a ganin mai wannan rubutu, shi ne tana da abin nunawa wanda ya wuce taurari. Cikin tsofaffin ɗalibanta, Joshua Yaro ya yi karatu a jami'ar Georgetown ta Amurka. Abu Danladi ya shiga UCLA kafin ya zama na farko da aka zaɓa a rabon sabbin 'yan wasan gasar MLS ta Amurka a 2017. Ousseni Bouda na Burkina Faso ya je Stanford. Jami'o'in nan ba sa karɓar ɗalibi sai da takardun karatu da za su iya bincikawa, don haka kowane ɗayansu shaida ne cewa akwai aji, akwai malami, akwai jarrabawa. Tun 2013 kuma makarantar ke ɗaukar 'yan mata, lokacin da babu wani kuɗin kirki a cinikin 'yan wasa mata.

Mai ƙaramar makaranta ba shi da kulob a Denmark, amma yana da rajista. Yaron da ya shigo tun aji ɗaya na ƙaramar sakandare yana da ranar haihuwa a fom ɗin shiga, da sakamakon kowane zango, da sunansa a rajistar jarrabawa, da malaman da suka san lokacin da muryarsa ta buɗe. Wanda ya bayyana ana saura mako biyu a fara gasa, riƙe da takardar rantsuwar kotu da tawadarta ba ta gama bushewa ba, shi ne abin tambaya, kuma ya kamata shugaban makaranta ya riga kowa yin tambayar, ko da kocinsa zai ɓata rai. A kai fayil ɗin yara gaban masu shirya gasa tun kafin busa usur na farko. In magana ta tashi, a kira shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai su gani da idonsu, a yarda wani na waje ya duba. Abin da bai halatta ba shi ne watsa takardun yaro a intanet don a ci gardama, domin hakan tozarta shi ne karo na biyu. In kuma binciken ya nuna akwai sojan haya, a faɗa da baki, a mayar da kofin.

Iyaye kuma, kafin ku tura hoton ɗan wani zuwa zaure na gaba, ku je makarantar ku nemi a nuna muku yara nawa ne daga tawagar bara suka zauna jarrabawar kammala sakandare, kuma ina waɗanda ba su samu kulob ba suke yanzu. Makarantar da ta kasa amsa wannan, ku ɗauke 'ya'yanku daga cikinta.